Fashewar Jijiyar Jini a Ciki ga Masu Ciwon Lupus: Dalilai, Alamomi da Matakin Gaggawa

Ciwon ciki ba baƙon abu ba ne ga mai ciwon lupus. Wani lokaci magungunan da ake sha ne ke taɓa tumbi, wani lokaci kuma cutar ce da kanta ke kumbura hanji ko tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Akasarin irin wannan ciwo yana lafawa da magani. Amma akwai wani nau'i da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda idan ya zo ba ya jira: wata jijiyar jini a cikin ciki ta yi rauni, ta kumbura, ta fashe, jini ya riƙa zuba a inda ido ba ya gani.

Yawancin masu lupus ba za su taɓa haɗuwa da wannan matsala ba. Abin da aka rubuta a kanta a mujallun likitoci ma rahotanni ne na ɗaiɗaikun marasa lafiya. Duk da haka ya kamata ki san ta, ke da iyalinki, domin sa'o'in farko su ne ke raba tsakanin wanda ya tsira da wanda aka rasa. Da yake tara cikin kowane masu lupus goma mata ne, da ke za mu yi magana, amma bayanin ya shafi maza ma.

Lupus a taƙaice

Aikin garkuwar jiki shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. A ciwon lupus sai garkuwar ta juya kan jikin da take karewa. Tana iya taɓa fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, huhu, zuciya da ƙwaƙwalwa. Cutar ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi yawa da tsanani a baƙar fata da mutanen Asiya. Alamominta da aka fi sani su ne ciwon gaɓoɓi, kasala, zazzaɓi, zubar gashi, gyambon baki, da tabon da ke fita a kumatu ya ratsa karan hanci. Takan tashi, ta lafa, ta sake tashi. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sammu ba ce.

Mene ne bororon jijiya?

Jijiyoyin da muke magana a kansu su ne masu ɗauko jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Jinin da ke cikinsu yana tafiya da ƙarfi, shi ya sa bangonsu ke da kauri, hawa uku, kuma yana miƙewa ya koma kamar roba. Idan wani wuri a bangon ya yi laushi, ƙarfin jinin zai riƙa tura shi waje har ya kumbura, kamar yadda robar cikin tayar keke ke kumburowa a inda ta sulɓe. Wannan kumburi shi likitoci ke kira anurizim. A nan za mu kira shi bororon jijiya, domin kamar bororo yake: bango siriri, cike da ruwa, yana iya fashewa.

Iri biyu ne. A na farko, duka hawa uku na bangon suna nan, sun miƙe ne kawai. A na biyu, bangon ya riga ya tsage, naman da ke kewaye da jijiyar ne kaɗai ke riƙe da jinin. Wannan na biyun ya fi saurin fashewa, ko da ƙarami ne.

Jijiyoyin da abin ke shafa

Babbar jijiyar jini, wato ayota, tana fitowa daga zuciya ta gangaro ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai cibiya zuwa ƙafafu. A hanya tana ba da rassa zuwa hanta, saifa, tumbi, hanji, ƙoda da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. An samu bororo a ayotar da kuma waɗannan rassa a jikin masu lupus.

A cikin jama'a gaba ɗaya, jijiyar saifa ce kan gaba a cikin rassan da ke zuwa kayan ciki, da kusan kashi 60 cikin ɗari na bororon da ake samu, sai ta hanta da kusan kashi 20. Bororon ayota kuwa yawanci cutar tsofaffin maza ce, musamman masu shan taba. Abin da ya bambanta masu lupus shi ne yana iya samunsu tun suna da sauran ƙuruciya, kuma ana iya samun fiye da ɗaya a lokaci guda.

Yadda lupus ke raunana jijiya

Kumburin bangon jijiya. Garkuwar jiki tana iya afka wa bangon jijiyar kai tsaye ta cinye shi. A lupus ƙananan jijiyoyi ta fi taɓawa, irin na fata, amma jefi-jefi tana kai wa matsakaita hari, irin na hanta da hanji. Wannan ya fi faruwa lokacin da cutar ta tashi.

Taurin jijiya da wuri. Kumburin da ya daɗe a jiki yana sa kitse ya taru a bangon jijiya tun kafin shekaru su ja. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, aka wallafa a 1997, ya gano cewa mata masu lupus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun fi tsararrakinsu haɗarin toshewar jijiyar zuciya fiye da sau 50. Wannan lalacewar ba ta tsaya ga jijiyoyin zuciya ba.

Daɗewa a kan sitiroyid. Magunguna irin su Prednisolone sun ceci rayukan masu lupus da dama. Amma shan su da yawa tsawon shekaru yana sa fata da bangon jijiya su yi laushi, yana kuma ɗaga hawan jini, sukari da kitsen jini.

Hawan jini. Lupus yana taɓa ƙodar kusan rabin masu ɗauke da shi, ƙoda kuma idan ta taɓu jini yakan hau. Ƙarin matsi ke nan a kan bangon da ya riga ya yi rauni.

Ƙwayoyin cuta. Cutar da magungunanta suna rage ƙarfin garkuwa. Ƙwayar cuta tana iya shiga jini ta maƙale a bangon jijiya ta huda shi. Salmonela, dangin wadda ke kawo taifot, tana cikin waɗanda aka fi sani da wannan, haka ma ƙwayar tarin fuka.

Akwai kuma abubuwan da ba su haifar da bororo, amma suna sa jini ya ƙi tsayawa idan ya fashe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lupus suna da wasu sinadarai a jini masu jawo daskarewarsa, don haka ake ɗora wasunsu a kan magungunan tsinka jini irin su warfarin ko asfirin. Wasu kuma ƙwayoyin filatilet ɗinsu, masu taimaka wa jini ya daskare, sun yi ƙasa.

Alamomi kafin ya fashe

Sau da yawa bororo ba ya nuna komai, sai an yi hoton ciki saboda wani dalili a ci karo da shi. Idan ya nuna, ga abin da za ki iya ji:

- ciwo mai zurfi a ciki, kwiɓi ko baya, wanda ya ƙi tafiya kwana da kwanaki
- ciwon ciki bayan cin abinci, har ki fara gudun ci kina ramewa
- wani abu yana harbawa kamar zuciya a saman cibiya
- jini a fitsari, ko hawan jinin da ya ƙi jin magani kwatsam
- zazzaɓin da ya ƙi sauka tare da ciwon ciki ko na baya

Kowanne daga cikin waɗannan yana iya zama wani abu daban. Kada ki yanke wa kanki hukuncin cewa gyambon ciki ne ki wuce kemis. Ki ga likitanki a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Alamomin fashewa

- ciwon ciki ko na baya mai tsanani da ya sauko farat ɗaya
- jiri ko suma, musamman idan an yunƙura za a tashi
- gumi mai sanyi, hannu da ƙafa su yi sanyi
- cikin ido, leɓe da tafin hannu su yi fari
- zuciya tana bugawa da sauri, fiye da sau 100 a minti, numfashi sama-sama
- ciki ya kumbura ko ya yi tauri
- ciwo a kafaɗar hagu ba tare da an buge ta ba, wanda jinin da ya taru a saman ciki ke jawowa
- aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta
- ƙishirwa mai tsanani, ruɗewa, ko fitsari ya ɗauke

Idan jijiyar hanta ce ta fashe cikin hanyar maɗaci, abu uku na iya haɗuwa: ciwo a saman ciki ta dama, shawara, da jini a amai ko bayan gida.

Abubuwa uku da ke yaudarar mutane

Na farko, sitiroyid yana ɓoye alamomi. Mai shan sa cikinta na iya zama da laushi, babu zazzaɓi, alhali mummunan abu yana faruwa a ciki.

Na biyu, sauƙin da ke biyo bayan sumar farko. Jijiyar saifa takan fara zubar da jini a wani ɗan lungu da ke bayan tumbi. Idan lungun ya cika, zubar ta tsaya na ɗan lokaci, mara lafiya ta farfaɗo har ta ce ta ji sauƙi. Bayan wasu sa'o'i sai jinin ya ɓalle zuwa sauran ciki. Wannan tsakanin shi ne lokacin da ya fi dacewa a ce tana asibiti.

Na uku, awon jini yana iya fitowa daidai a farko. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma jikin matashiya yana iya riƙe awon har sai ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Saurin bugun zuciya da sanyin hannu suna riga faɗuwar awon jini bayyana.

Abin da iyali za su yi

1. Ku kwantar da ita a bayanta, ku ɗan ɗaga ƙafafunta, ku lulluɓe ta. Idan tana amai ko ta suma, ku juya ta gefe.
2. Kada ku ba ta abinci, ruwa ko jiƙo, domin mai yiwuwa a yi mata tiyata.
3. Kada ku ba ta asfirin, diklofenak, ibufurofen ko haɗin maganin ciwon jiki. Suna ƙara zubar jini.
4. Kada a danna cikin, kada a gasa shi, kada a yi tausa ko ƙaho.
5. Ku kai ta a kwance cikin mota, ba a zaune bisa babur ba. Ku nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, ko da tsakar dare ne.
6. Ku ɗauko duk magungunanta da katin asibiti. Da isarku ku faɗa wa ma'aikata cewa tana da lupus, ku ambaci sitiroyid da maganin tsinka jini idan tana sha, da lokacin da ta sha na ƙarshe, da kuma ranar al'adarta ta ƙarshe.
7. Tun kuna hanya ku kira 'yan'uwa masu ƙoshin lafiya da za su iya ba da jini.

Abin da za a yi a asibiti

Za a fara da ceton rai: a sa allurar ƙarin ruwa, a ɗebi jini don gwaji da haɗa wanda ya dace da ita, a ba da iskar oksijin, a fara ƙarin jini. Idan tana kan warfarin za a ba da abin da zai karya ƙarfinsa. Likitoci sukan bar awon jini ya zauna ƙasa kaɗan da gangan har a toshe inda ke zuba, domin ɗaga shi da wuri yana ƙara zubar.

Hoton sikanin yana nuna ko jini ya taru a ciki cikin 'yan mintuna, amma ba ya yawan nuna ƙananan bororo. Hoton CT da ake sa ruwa na musamman ta jijiya shi ke nuna wace jijiya ce, da girman bororon, da ko akwai wasu. Wannan ruwa yana iya takura ƙoda, amma idan ana zargin zubar jini, amfanin hoton ya rinjayi haɗarinsa. Wadda jininta ya faɗi ƙwarai kuwa, ana iya wucewa da ita ɗakin tiyata ba tare da jiran CT ba.

Za a kuma duba wasu cututtukan da ke zuwa da irin wannan kama: cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, hujewar gyambon ciki, hujewar hanji sanadin taifot, afendis, kumburin fankiriyas, kumburin hanji na lupus, da gudan jinin da ya toshe jijiyar hanji.

Hanya biyu ake bi a tsayar da jinin. Ta farko ba a buɗe ciki. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya, ana kallo a na'ura har ya isa wurin, sannan a cusa 'yan murɗaɗɗun wayoyi su toshe jijiyar, ko a sa wani bututu mai rufi daga ciki jini ya riƙa bi ta cikinsa. Wannan hanya ta fi sauƙi ga wadda ta daɗe a kan sitiroyid, domin rauninta ba ya saurin warkewa. Sai dai tana buƙatar na'urori da ƙwararrun da ba kowane asibiti ke da su ba.

Ta biyu ita ce buɗe ciki: a ɗaure jijiyar, ko a yanke wurin da ya lalace a yi gyara. Wani lokaci dole a cire saifa, ko wani yanki na hanjin da jini ya daina kaiwa. Idan asibitin da kuka fara zuwa ya ce zai tura ku asibitin koyarwa, ku nemi a fara ƙarin ruwa ko jini, a kuma sanar da can kafin ku tashi.

Bayan an tsayar da jini sai a koma kan tushen matsalar. Idan kumburin bangon jijiya ne, ana ba da sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya, yawanci kwana uku, a biyo da magani irin su Cyclophosphamide. Idan ƙwayar cuta ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake bayarwa na makonni, sau da yawa shida ko fiye. Tantance wannan yana da muhimmanci, domin maganin na farko yana iya tsananta na biyu.

Idan an gano shi kafin ya fashe

Ba kowane bororo ake taɓawa ba. Faɗin ayota a ciki kimanin santimita 2 ne. Daga santimita 3 ake kiransa bororo, kuma yawanci ana gyara shi idan ya kai wajen 5.5 a maza ko 5 a mata, ko yana girma da sauri, ko yana ciwo. Game da rassan kuwa, ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Amurka ta fitar a 2020 sun ba da shawarar gyara na jijiyar saifa idan ya wuce santimita 3, na hanta idan ya wuce 2. Amma akwai inda ba a jiran girma: bororon da bangonsa ya riga ya tsage, na jijiyar saifa a macen da ke shekarun haihuwa, da na jijiyar hanta a mai kumburin jijiyoyi. Ƙananan bororon da kumburi ya haifar suna iya ƙanƙancewa idan aka shawo kan cutar.

Idan an ce a zuba ido, ki tambayi likita: wace jijiya ce, nawa ne girmansa, yaushe za a sake hoto, kuma wane asibiti za ki nufa idan ciwo ya taso.

Juna biyu

Juna biyu yana ƙara yawan jinin da ke bi ta jijiyar saifa, sinadaran jiki kuma suna sassauta bangonta. Shi ya sa bororon wannan jijiya ya fi fashewa a watanni uku na ƙarshe, kuma haɗarin ga uwa da jariri babba ne. Idan an taɓa gano miki bororo, ki tattauna da likita kafin ki ɗauki ciki. Ga duk mai lupus, an fi so cutar ta lafa na aƙalla wata shida kafin ɗaukar ciki, a kuma canza magungunan da ke cutar da ɗan tayi, irin su Cyclophosphamide, Mycophenolate da Methotrexate. Mai ciki da ta suma da ciwon saman ciki ko na kafaɗar hagu, a kai ta asibiti nan take, kada a ɗauka naƙuda ce.

Bayan an sallame ki

Bayan toshe jijiya da waya, ɗan zazzaɓi da ciwo na 'yan kwanaki ba abin mamaki ba ne. Amma idan ciwon yana ƙaruwa, ko jiri ya dawo, ko gindin cinya ya kumbura, ki koma asibiti. Ki je duk hoton da aka rubuta miki ko da kina jin garau, domin wani bororon na iya fitowa a wata jijiya. Likita ne zai faɗa miki ranar komawa kan maganin tsinka jini da lokacin da za ki iya ɗaukar kaya masu nauyi.

Idan an cire miki saifa, kina buƙatar allurar rigakafin nimoniya da sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani ga wanda ba shi da saifa, don haka ki riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya taso ki je asibiti a ranar.

Yadda za ki rage haɗari

- Ki riƙa shan magungunan lupus ko da cutar ta lafa. Hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, yana rage tashin cutar da daskarewar jini. Ana so a riƙa duba idon mai shan sa.
- Kada ki tsayar da sitiroyid farat ɗaya. Jikin da ya saba da shi yana iya durƙushewa, awon jini ya faɗi. Burin likita shi ne rage shi a hankali zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa, idan cutar ta ba da dama.
- Kada ki ƙara wa kanki sitiroyid. Haɗin maganin ciwon gaɓoɓi da na ƙiba da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa yana ɗauke da Dexamethasone, wanda shi ma sitiroyid ne.
- Ki riƙa awon jini a kai a kai, ana so ya zauna ƙasa da 130/80. Ki rage gishiri da dunƙulen miya.
- Ki nisanci taba da shisha.
- A riƙa gwada miki fitsari, aikin ƙoda, sukari da kitsen jini. Idan kina kan warfarin, kada ki tsallake gwajin INR.
- Ki sha ruwa mai tsabta, ki dafa ƙwai da nama su dahu sosai, saboda salmonela.

Ki rubuta sunan cutarki, magungunanki da rukunin jininki a ƙaramar takarda ki riƙa yawo da ita. Ki nuna wa mijinki, iyayenki ko wanda kuke zaune tare jerin alamomin fashewa da ke sama, ku kuma tsayar da asibitin da za a nufa da motar da za a nema tun kina lafiya. Ranar da abin ya faru, mai yiwuwa ba za ki iya magana ba, su ne za su yi bayani a madadinki.